Hoton da Gwaggo Ta Jira

Kyamarata ta farko ba saye na yi ba. Ƙanen mahaifina ne ya ba ni ita a shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, lokacin da aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa. Ya kwaso kayansa zai kama aiki a Gusau, ya yada zango gidanmu a Kaura Namoda kwana biyu. Da zai tafi ya ciro ta daga ƙasan akwati, cikin wata jakar fata da igiyarta ta tsinke aka ɗinke da zare. Ya ce shi ya gaji da ita, ni kuwa tun ina ƙarama ya lura ba na gajiya da kallon hotuna. A tsakar gida ya nuna mini yadda ake sa fim, da yadda ake murɗa ɗan hannunta bayan kowace ɗauka, ya gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe bayanta da fim a ciki. Iyakar karatun da na yi a kan hoto ke nan.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ina da aure da 'ya'ya biyu. Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Kaura da Gusau, don haka shi ke kai mini fim wurin masu wanki ya karɓo. Fim guda hoto talatin da shida yake ɗauka, kuma sai ya cika ake cire shi. Wani lokaci in yi wata biyu ina lallaɓa guda ɗaya. Idan ya tafi wanki kuma, sai a yi mako guda ko biyu, domin su ma masu wankin sai sun tara. Ranar da nake sa ran ambulan ɗin hotunan zai iso, da na ji ƙarar motarsa a ƙofar gida ba na iya zama. Fim ɗina na farko rabin mutanen ciki babu kawuna. Maigidana ya daɗe yana yi mini dariya, amma bai taɓa ƙin kai wani ba.

Ban mayar da abin sana'a ba. Sha'awa ce kawai. Na ɗauki ɗalibaina, na ɗauki tashar jirgin ƙasa, na ɗauki dami a gona bayan girbi. Amma wadda na fi ɗauka ita ce gwaggona, yayar mahaifina, wadda ke zaune a Dauran ta ƙasar Zurmi. Ita ta riƙe ni daga yaye har na isa shiga makaranta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune gidan ɗanta, manomi, tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli.

Ran da na fara zuwa mata da kyamara na zaci za ta ƙi. Sai ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da atamfar da take ajiye wa Salla, ta ja kwalli, ta tsaya a gindin rumbu ƙiƙam, hannuwa a gefe, babu ko murmushi. Na ɗauka. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Na yi mata bayani cewa sai an kai birni an wanke. Ta ce to in tabbata an wanke da kyau.

Bayan mako uku na koma da shi. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinta ta riƙe shi da hannu biyu tana kallo. Can ta ce, "Ashe haka nike. Uwata na ɗauko, ɗiyata. Ke ba ki san ta ba, amma ga ta nan."

Daga nan abin ya zame mana al'ada. Duk wani sha'ani da ya kai ni Dauran, tafiya biyu nake yi: ɗaya ta ɗauka, ɗaya ta kaiwa. Ta biyun ta fi daɗi, domin babu taro, babu hayaniya. In isa da hantsi, mu baje hotuna a tabarma, matan gidan da na maƙwabta su kewaye mu, kowa na neman kansa. Gwaggo ta ware nata ta zuba cikin wata kwalla mai murfi. Bayan an watse sai ta sa ni tsince mata gyaɗa, muna hira har la'asar. A irin waɗannan ranaku na ji yawancin abin da na sani game da danginmu. Ban taɓa lura cewa hoton ne ke kai ni ba. Na ɗauka zumunci ne irin nawa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, sai kyamarar ta ƙara farin jini ta inda ban zata ba. An raba zaman maza da mata a wurin biki da suna, masu hoto maza suka daina shiga cikin gidaje. Mata kuwa ba su daina ado ba, ba su kuma daina son a ɗauke su ba. Sai ya zama duk wanda ya san ni, ko ya san wanda ya san ni, yana aiko mini da goron gayyata. Na je Ɗan Isa, na je Shinkafi, na je ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. A cikin gida mata kan ajiye hijabi su gyara ɗauri, wasu ma su cire ɗankwali don kitso ya fito, tunda ni mace ce 'yar'uwarsu. Ni ma haka na ɗauki abin. Babu wadda ta tambaye ni wa ke wanke hotunan, ni kuma ban tsaya na yi tunani ba.

Wata rana maigidana ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya ajiye ambulan, ya ciro wani hoto babba daga aljihun gaba ya miƙo mini. Hoton wata amarya ne da na ɗauka a Badarawa ta ƙasar Shinkafi, 'yar wata abokiyar aikina, kanta babu ɗankwali, ta ɗaga hannuwanta tana nuna lalle. Ya ce a jikin gilashin shagon mai wanki ya gan shi, an ƙara masa girma an manna, duk mai wucewa yana kallo. Ya sa an cire nan take. Mai shagon ya ba da haƙuri, ya ce kyan ɗaukar ne ya burge shi, ba da wata manufa ya yi ba. Amma hoton ya yi kwanaki a wurin, kuma wani mutumin Shinkafi ya riga ya gani ya kai labari.

Na shirya na tafi Badarawa ban-haƙuri. Uwar amaryar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na gama. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malama, mu ke muka sani. Ba mu san akwai wani bayanki ba." Auren yarinyar bai mutu ba, amma na ji ta sha magana a gidan miji, kuma tsakanina da uwarta bai ƙara komawa yadda yake ba har aka yi mini canjin makaranta.

Bayan wannan na daina zuwa biki da kyamara. Duk wadda ta roƙe ni sai in ce ta lalace. Gwaggo kaɗai na ci gaba da ɗauka. Da na ba ta labarin abin da ya faru, ta tausaya wa yarinyar, sannan ta ce ita dai in mai shagon yana so ya manna nata, ta yafe, ta ga wanda zai tsaya kallon tsohuwa. Haka muka yi shekaru, tafiya biyu-biyu, kwallarta na cika.

Shekarar da maigidana ya sauke farali, cikin tsarabarsa ya kawo mini kyamarar dijital, 'yar ƙarama mai launin azurfa, ba ta kai tafin hannuna ba. Babu fim, sai wani ɗan kati da ake sokawa a gefe. Da ka ɗauka hoton zai fito a gilashin bayanta. Ya ce, "Wannan babu mai ganin abin da ke ciki sai wanda kika nuna wa." Na san abin da yake nufi, na kuma ji daɗin da ya tuna.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna ƙwarai. A yinin farko na ɗauki abin da ya fi fim uku, har kajin gida ban bari ba. Na naɗe tsohuwar kyamarar cikin zane na sa ta saman sif. Na koma zuwa bukukuwa. Mata suka saki jiki fiye da da, tunda kowa ta san ba za a kai wa kowa ba. Sai dai wani sabon hali ya shigo: da na ɗauka za a rufe ni, kowa na leƙe, wannan ta ce in goge nata ta rufe ido, waccan ta ce in goge ɗaurinta ya karkace. Ina gogewa ina sakewa har kowa ta gamsu. A tashi taro kowa ta ga kanta, babu mai jiran komai daga gare ni. Ni ma in na dawo gida na duba sau ɗaya, shi ke nan.

Farkon zuwana Dauran da sabuwar kyamara, sunan jikar Gwaggo ake yi. Ta yi shirinta yadda ta saba, ta tsaya gindin rumbu. Da yake yanzu ba na tsoron ƙarewar fim, na yi ta dannawa tun kafin ta gama tsayuwa. Wata akuya ta zo ta kama bakin zanenta, ta juya tana korarta tana dariya, duk na ɗauka. Sannan ta daidaita fuska na ɗauki irin wanda take so.

Na matsa kusa na nuna mata gilashin. Ta kawo fuskarta dab da shi, ta karkata kai, ta ja baya.

"Ni ban ga komi ba sai walƙiya," in ji ta.

Na ce rana ce ta yi yawa. Na ja ta inuwa na sake nuna mata. Ta ce to, ta gani, amma yadda ta faɗa na san don in bar ta ne. Sai ta tambaya yaushe za a wanke. Na ce wannan ba a wanke shi, ai ga shi nan ya riga ya fito.

"To bar mini shi nan," ta ce, ta miƙo hannu za ta karɓi kyamarar.

Matan da ke wurin suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Ita ba ta yi ba. Ta mayar da hannunta ta ce ita takarda take so, wadda za ta riƙe. Na ce akwai inda ake bugawa a Gusau, zan kawo mata ba da daɗewa ba.

Kafin in bar wurin katin ya cika, ga 'yanmata sun yi layi. Matar ɗan Gwaggo ta leƙo ta ga waɗanda akuya ta shiga, ta ce in goge su, bakin tsohuwa a buɗe babu haƙora, ba za ta so a gani ba. Ban tambayi mai hoton ba. Na goge su duka, na bar guda ɗaya, wanda ta tsaya ƙiƙam. A duk shekarun da na yi ina ɗaukarta, ranar ce kaɗai na kama ta tana dariya.

Ban buga hoton ba. Na daɗe ina gaya wa kaina dalilai. Katin cike yake da hotunan matan mutane, ba zan ba maigidana ya kai wa wani namiji ya buɗe a kwamfuta ba, bayan abin da ya faru. Sai dai in je da kaina, ga makaranta, ga yara. Duk gaskiya ne, amma ba su ne ainihin dalilin ba. A zamanin fim ni ma ban san abin da na ɗauka ba sai an wanke, don haka ɗokina ne ke tura fim Gusau, shi ne kuma ke tura ni Dauran in nuna. Yanzu kuwa na riga na gani. Ɗokina ya kwanta, na manta cewa nata bai kwanta ba.

Bayan kamar wata biyu maigidana ya shigo da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya ce wani direban Zurmi ya ba shi a tasha, Gwaggo ta aiko, tana tambaya ko hoton ya fito. Na ce a gaya mata yana nan tafe. Da damina ta tsaya ta sake aikowa. Wannan karon da kwalbar man gyaɗa, ba ta kuma ambaci hoto ba, gaisuwa kawai. Na fi jin nauyin wannan saƙon.

Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne wata tafiya da na yi Zurmi gaisuwar rasuwa. Mun gama da wuri, Dauran ba nisa, kuma akwai mota. Na tsaya a tasha ina shawara. Na san da na shiga za ta tambaya, ni kuwa hannuna babu komai. Kunya ta sa na hau motar Kaura, ina cewa a raina in na buga sai in zo gaba ɗaya. Haka damina biyu ta wuce ban taka Dauran ba, ni da a da ba na wata biyu ban je ba.

Ɗanta ne ya zo Kaura sayar da gero ya biyo ta gidanmu. Bayan an gaisa ya ce idon tsohuwa ya tafi. Tun bara take tuntuɓe da kwanoni, suka ɗauka tsufa ne. Da abin ya yi tsanani suka kai ta asibitin ido, suna zaton yanar ido ce za a kankare. Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinta a hankali. Ya ce da an zo da wuri da an ba ta maganin ɗigawa ya tsaya inda yake, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗan nata bai zarge ni da komai ba, bai ma san akwai abin zargi ba. Ni ce na tuna yadda ta kawo fuskarta dab da gilashin, na ce mata rana ce. A duk danginmu na wajen ni ce na yi boko, ni ce ake kawo wa takardar asibiti in karanta. Da ina zuwa yadda na saba, ina zama da ita muna tsintar gyaɗa, da wuya in kasa lura.

Washegari na nemi izini a makaranta na bi maigidana Gusau. Na zauna kusa da mai kwamfutar, na nuna masa hoton da nake so, na ce kada ya buɗe sauran, bai kuwa buɗe ba. Ko awa guda ba a yi ba ya miƙo mini shi, babba, a cikin ambulan. Abin da na yi kusan shekara biyu ina jinkirtawa ke nan.

Na same ta zaune bakin ƙofar ɗakinta, ta rame, ta daina suya tun da wuta ta taɓa kama mata zane. Na yi sallama, ta amsa tana juyo da kunnenta wajena, ba idonta ba.

"Ɗiyata ce? Kin ɓace."

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina juya ambulan ɗin a hannuna, ina tunanin ko in mayar da shi jaka. Ita ce ta ji ƙarar takarda ta ce mi na kawo. Na ce hotonta ne.

Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa shi daga gefe zuwa gefe, ta ce wannan ya fi sauran girma. A juye ta riƙe shi, kai a ƙasa. Na kai hannu zan gyara, sai na fasa.

"To faɗa mini, yaya na fito?"

Na faɗa mata. Na ce tana tsaye gindin rumbu, da atamfa mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, ɗaurin ya zauna, kwallin ya fito. Ta ce wannan atamfar ai ta bayar da ita ga matar jikanta. Ta tambaya ko akuyar nan ta fito, wadda ta ja mata zane, domin an yanka ta da Babbar Salla. Ban zaci ta riƙe wannan ba. Na gaya mata gaskiya, cewa na ɗauka amma na goge.

"Ana goge hoto?"

Na ce a wannan sabuwar ana gogewa.

"Ya tafi ina?"

Na ce bai tafi ko'ina ba, babu shi ne kawai. Ta jinjina kai, ta ɗora hoton a cinyarta, ta ce in leƙa madafa in ce a dama mini fura, na sha hanya.

Da na koma gida na sauko da tsohuwar kyamarar, ban san ma me nake nufin yi da ita ba. Lafiyarta lau. Amma maigidana ya zagaya bai samo fim ba sai wanda ya daɗe a kantar shago, kuma wuraren wankin da ya sani duk sun koma aikin kwamfuta. Na mayar da ita inda take. Ba laifin sabuwar ba ne, na sani. Ta yi abin da aka saye ta dominsa, ta rufa wa mata asiri, ban kuma sake jin kunya irin ta Badarawa ba. Ni ce ban gane abin da tsohuwar ke sa ni yi ba sai da na daina yin sa.

Gwaggo ta ƙara shekara uku a duniya. Na koma zuwa Dauran, kusan kowane ƙarshen wata, har da damina in gulbi bai hana ba. Tana iya tsintar gyaɗa da taɓi, ta ma fi ni sauri. Sau ɗaya na ce ta shirya in ɗauke ta, na yi alkawarin kawowa cikin mako. Ta ce a'a, in ɗauki yara, su ke da idon gani. Ban sake tambaya ba.

Ta rasu da kaka, ana cikin yankan dawa. Saƙon ya iske ni a aji, na bar yara da aikin lissafi a allo na tafi tasha. Ko da na isa an riga an kai ta.